Idan 'Yan Gida Ɗaya Suka Haɗa Kai a Ofis, Wa Zai Koma Gatawa?

Kowace babbar ma'aikata a Sakkwato tana da jerin sunaye iri biyu. Akwai wanda ke manne a allon sanarwa, daga babban sakatare har zuwa masinja, kowa da matakin albashinsa. Akwai kuma wanda ba a taɓa bugawa ba, amma sabon ma'aikaci ba ya cika wata guda bai haddace shi ba: wane ɗan Wurno ne, wance 'yar Tambuwal ce, su wane kuma mutanen gabas ne, 'yan Sabon Birni da Isa. A da, jeri na biyun a ka yake zaune, sai kuma a tabarmar masallacin ofis bayan an idar da azahar. Yanzu ya samu shugaba da ma'aji da kuɗin wata-wata da zaure a WhatsApp, wani lokaci har da takarda mai tambari.

Ba ƙungiyar ƙwadago nake nufi ba. NUT da NULGE suna tara mutane ne bisa aikin da suke yi, kuma abokin jayayyarsu shi ne mai biyan albashi. Wadda nake nufi tana tara ma'aikata bisa abin da suka zo da shi daga gida: gari, harshe, addini, ko kasancewarsu mata a wurin da maza suka cika. Ra'ayina a kanta shi ne tana da amfani mai yawa matuƙar aikinta bai wuce sauraro da isar da magana da tallafi ba. Ranar da hannunta ya kai ga alƙalamin da ake sa hannu a takardar ɗaukar aiki ko ta canjin wuri, ta fara cin abin da aka kafa ta domin karewa. Ban san wurin da wannan ya fi fitowa fili kamar gabashin Sakkwato ba.

Masu rubutu kan sha'anin gudanarwa sukan faro tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi daga Amurka. Bayan tarzomar da ta ɓarke a birnin Rochester a 1964, shugaban kamfanin Xerox, Joseph Wilson, ya buɗe ƙofar ɗaukar baƙaƙen fata, su kuma waɗanda aka ɗauka suka fara haɗuwa suna koya wa juna yadda ake tsira a wurin da ba a saba ganinsu ba. Zuwa wajajen 1970 haɗuwar ta zama ƙungiya da kamfanin ya san da ita. A 2009 wannan kamfani ne ya naɗa Ursula Burns shugaba, baƙar mace ta farko da ta riƙe ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Amurka 500. Masu goyon bayan ƙungiyoyin suna son wannan labari, kuma suna da hujja.

Sai dai mu ba a Amurka muka koyo ba. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ya tsayu bisa amanar 'yan gida ɗaya. Falke ya kawo garke daga Arewa, ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan mahauci ya karɓi shanu bashi. Ba banki ne ya riƙe cinikin ba, sanin juna ne. Amma littafin ya nuna ɗaya fuskar: amanar da ta sa cinikin ya yiwu ita ce katangar da ta hana bare shiga. Abu ɗaya ne, ya danganta da gefen da kake tsaye.

Mu dawo gida. Sabon Birni da Isa biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, a can ƙuryar gabas, tsakanin iyakar Nijar da Shinkafi ta Zamfara. Ƙasar Gobir ce. A nan Alƙalawa take, birnin da ya faɗi a 1808, 'yan uwa kuma suna Tsibiri kusa da Maraɗi. Abin da yankin ya gani a 'yan shekarun nan ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da waɗannan biyun. A Disamban shekarar aka tare motar fasinja a hanya aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Garuruwa sun biya harajin da ba hukuma ce ta aza ba domin a bar su su yi noma. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato, duniya ta ga bidiyonsa yana roƙon a cece shi, a watan Agusta kuma aka samu labarin kashe shi a hannun masu garkuwa.

To, mai karatu ya ɗauki akawu ko ma'aikacin jinya ɗan Gatawa da ke aiki a birnin Sakkwato. A takarda daidai yake da abokin aikinsa ɗan Boɗinga: mataki ɗaya, albashi ɗaya, lokacin tashi ɗaya. A zahiri ba haka ba ne. Duk danginsa sun san ranar da albashi ke shiga, domin shi ne bankinsu. Idan aka ɗauke ƙanin mahaifinsa a gona, wayarsa ce ta farko da za ta yi ƙara. Idan ƙauye ya watse, ɗakunansa biyu na haya ne za su ɗauki mata da yara goma sha. Takardar neman hutu ba ta da gurbin da za a rubuta "ana cinikin kuɗin fansa", kuma ba kowane shugaba ne za ka iya gaya wa haka ba tare da ya fara yi maka kallon mai matsala ba. Abokin aiki na gari zai ce Allah ya kyauta, da zuciya ɗaya kuwa. Amma bai san direban da har yanzu ke bin hanyar ba, bai san ranar da aka fi samun rakiyar sojoji ba, bai san wanda za a ba saƙon magani ya kai wa tsohuwa ba. 'Yan gida sun sani. Lokacin da aka katse waya, ta bakin matafiya da direbobi da masu kama layin Nijar labari ke isowa, kuma wanda bai da jama'a a birni sai ya kwana bai san ko nasa suna raye ba.

Duk wanda ya ce irin wannan ƙungiya ƙabilanci ce kawai, bai taɓa zama cikin dare yana lissafin abin da zai sayar ba. Adashin da suke yi, da karo-karon gaggawa, da wanda zai riƙe maka aikin dare yayin da ka tafi jana'iza, duk abubuwa ne da ma'aikatar ba ta tanada ba, kuma ita ce ke cin ribarsu, domin ma'aikacin da aka tallafa gobe zai zo aiki.

Akwai amfani na biyu da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi na farko nauyi. Ma'aikata takan yi makanta. Mai tsara kasafin gyaran makarantu yana aiki ne da jerin da ke cikin fayil, fayil kuwa bai san cewa ƙauyen ya tashi tun bara ba, yaransa suna cunkushe a wata makaranta a cikin garin Sabon Birni ko Isa wadda aka gina domin rabin adadinsu. Mai raba allurar rigakafi yana da taswira, amma taswira ba ta nuna hanyar da ba a bi bayan la'asar. Wannan sani yana cikin ginin, a kan ƙananan ma'aikata 'yan yankin, waɗanda ɗaiɗaikunsu ba su isa su ƙwanƙwasa ƙofar darakta ba. Idan suka haɗu suka rubuta, takardar takan kai. Shugaban da ke da hankali zai neme su tun ba su neme shi ba.

Da abin ya tsaya nan, da babu abin rubutawa. Matsalar tana farawa ne da roƙo mafi halacci da ke zuwa gaban irin wannan ƙungiya: a taimaka a dawo da wane birni.

A ce malamin sakandare ne ɗan yankin, yana koyarwa a can, an taɓa tare shi a hanya, matarsa tana da juna biyu. Ya zo wurin 'yan gida. Wace zuciya ce za ta ce masa a'a? Shugaban ƙungiya ya ɗauki waya, ya kira uban ƙungiya, wanda darakta ne a wata ma'aikata, shi kuma ya san wanda ke riƙe da fayil ɗin canjin wuri. Bayan mako uku takarda ta fito. Kowa ya yi hamdala, kuma a gaskiya an yi aikin alheri. A daidai wannan lokacin, an tura wani malami ɗan wata ƙaramar hukuma ya maye gurbinsa. Shi ma yana da 'yan gida, su ma suna da uban ƙungiya, kuma hujjarsu ta fi sauƙin faɗa: me ya sa za a tura namu, ina 'yan can? Tasa takardar ma ta fito. Babu wanda ya ci hanci, babu wanda ya yi ƙarya, kowane roƙo idan ka ɗauke shi shi kaɗai adalci ne. Idan ka tara su, abin da za ka samu aji ne mai ɗalibai babu malamin lissafi, da asibitin karkara mai gado babu ungozoma.

Wanda ya rage a can shi ne wanda ba shi da kowa a sakatariya: ƙaramin ma'aikaci, ko mai aikin sa-kai da ake ba ɗan abin sabulu, ko wanda kunya ta hana shi roƙo. Haɗarin bai ragu ba ko kaɗan, an dai ture shi ne zuwa kan wanda ba shi da murya. Ƙungiyar da ta rubuta "ci gaban yankinmu" a saman takardarta ta zama hanyar da ƙwararrun yankin ke bi su fice daga cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da addu'ar 'yan uwa. Ba na zargin mai gudun ransa, rai ba a wasa da shi. Abin da nake cewa shi ne hukuncin wanda zai zauna da wanda zai tashi ya fi ƙarfin a yanke shi ta waya tsakanin mutum biyu da suka yi firamare tare.

Haka batun ɗaukar aiki. Neman kaso ba laifi ba ne. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa gwamnatin tarayya, da ta jiha da ta ƙaramar hukuma, su lura da bambancin jama'arsu wajen rabon muƙamai, tun 1996 kuma akwai hukumar raba daidai ta ƙasa. Idan ƙungiya ta ƙirga ta ce a ma'aikata kaza babu darakta ko ɗaya daga gabas, ta yi aikin da ya kamata hukuma ta yi da kanta. Amma daga "babu namu" zuwa "ga wanda za ku ɗauka" taki ɗaya ne, kuma a takin nan ake ɓata. Da zarar an san cewa ta hannun shugaban ƙungiya sunaye ke bi, sai ka duba sunayen. Sau da yawa ɗan babban mutum ne da aka haifa a birni, wanda bai taɓa kwana a Gatawa ba, sai takardar shaidar ɗan asali a aljihu. Yaron da ya yi karatu a ƙarƙashin ƙarar bindiga bai san ma an buɗe gurbin ba. Wanda ke ganin na yi tsanani ya tuna cewa a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaida kan sayar da guraben aiki a cikin ita kanta hukumar raba daidai. Idan hukumar da doka ta kafa, mai ofis da masu bincike, ba ta tsira ba, ina ga zauren da babu mai duba littafinsa?

Na rufin asiri ba sai na daɗe a kai ba, kowa ya taɓa gani: an ba ma'aikaci takardar tuhuma kan kuɗin da suka ɓace, washegari tawagar dattawa ta iso ofishin shugaba, ba don su ce bai yi ba, sai don su ce namu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da ba a yi da ƙarfi: wane ne ɗan gida? Suna yana da nauyi a wannan yanki. Idan aka ce ƙungiyar ma'aikata 'yan Sabon Birni da Isa, an faɗi wuri. Idan aka ce ta Gobirawa, an faɗi jini, kuma a ƙasar da tarihin 1804 bai taɓa yin nisa da bakin mutane ba, kowa ya san wanda aka bari a waje. Akwai Bafulatani ma'aikaci ɗan Isa, wanda 'yan bindiga suka kore wa mahaifinsa shanu, 'yan sa-kai kuma suka hana ɗan uwansa cin kasuwa. Ba tatsuniya ba ce: a Oktoban 2021 an kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa da hannun 'yan sa-kai, ba a jima ba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo. Wannan mutum asararsa biyu ce, amma idan aka sa shi a zauren zai karanta saƙonnin da ake turowa da dare bayan kowane hari, masu jam'u, masu cewa "su", sai ya yi shiru, daga baya ya fice. Da safe kuma tebur ɗaya suke zaune. Ofis yana cikin wurare kaɗan da suka rage inda ɗan manomi da ɗan makiyayi ke shan shayi a kofi ɗaya suna ƙorafin albashi ɗaya. Abin mamaki, Bagobiri yana da wasa shiryayye da Bayarabe da ya taso daga Ogbomosho, su yi ta tsokanar juna kan wane ne bawan wane har kowa ya yi dariya, amma da maƙwabcinsa na gunduma ɗaya harshe ya yi nauyi. Ƙungiyar da ta ƙara masa nauyi ta shigo da yaƙin daji cikin sakatariya.

Sannan 'yan siyasa ba sa barin taro ya tashi a banza. Tarihinmu ya nuna hanyar. A 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa. A daidai wannan zamani aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a matsayin ƙungiyar al'adu ta 'yan boko, galibinsu malamai da ma'aikatan En'e da na gwamnati, Dokta R. A. B. Dikko yana shugabanta. A 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, ma'aikatan gwamnati irin su Dikko suka ja da baya, wasu suka hau kujerar. Wannan ba abin kunya ba ne a tarihi, da ita aka karɓi mulki. Amma darasin yana nan: abin da ma'aikata suka gina domin kansu, idan ya yi ƙarfi, mai neman ƙuri'a ne ke gadonsa. A yau alamar farko ita ce buhunan shinkafa da azumi daga wani mai girma, ta biyu kuma sanarwar goyon baya da sunan dukan mambobi, wadda mambobin suka fara ji a rediyo.

Wani zai ce to a haramta su a huta. An gwada. A ranar 24 ga Mayun 1966 Janar Ironsi ya rushe jam'iyyu da ƙungiyoyin siyasa 81 da na ƙabilu 26 da doka guda, kuma watannin da suka biyo baya ba su nuna cewa ƙabilanci ya bi su kabari ba. A waje ma ana ta kai da komo: a 2017 kamfanin Deloitte ya ce zai maye gurbin irin waɗannan ƙungiyoyi da majalisun da kowa zai shiga, a farkon 2025 kuma umarnin Shugaba Trump ya sa hukumomin gwamnatin Amurka da dama suka dakatar da nasu. Can wataƙila rufe ofis yana rufe ƙungiya. A nan, idan ka hana taro a ɗakin taro, zai koma falon darakta bayan isha'i, inda babu mai rubuta abin da aka ce, kuma mace da ƙaramin ma'aikaci ba su da wurin zama. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ma ya ba kowa 'yancin haɗuwa da wanda ya ga dama.

Abin da ya fi shi ne a fito da su rana. Ma'aikata ta san da ƙungiyar, ta ga tsarin mulkinta, ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa. A ɗaura zama mamba a kan wuri, duk wanda ya fito daga yankin ko yake aiki a cikinsa, ko wane harshe uwarsa ta yi masa rarrashi da shi. Babban jami'in da ke zama a kwamitin ɗaukar aiki ko ƙarin girma ko ladabtarwa kada ya riƙe muƙami a ƙungiya, ko da na uba ne. Gwamnati kuma kada ta fake da karo-karon ma'aikata ta manta cewa wanda ta tura wuri mai haɗari amana ce a wuyanta.

Batun canjin wuri kuwa, a nan ne ƙungiyar 'yan Sabon Birni da Isa, a kowace ma'aikata take, za ta iya yin abin da babu mai iya yi sai ita. Maimakon ta riƙa kai sunaye ɗaya-ɗaya, ta kai buƙata guda a rubuce, ta nemi NUT da ƙungiyar ma'aikatan lafiya su sa hannu tare da ita: duk wanda aka tura yankin ya san wa'adinsa tun ranar farko, shekara biyu alal misali, a biya shi alawus na haɗari da ke shiga tare da albashi, a ba shi masauki a cikin gari kusa da jami'an tsaro, iyalinsa su san abin da za su samu idan wani abu ya faru, kuma jerin masu zuwa da masu dawowa a manna shi a allon sanarwa, ya shafi ɗan kowace ƙaramar hukuma. Mutum yakan jure wuri mai wuya idan ya san ranar fita, kuma ya ga cewa ɗan darakta ma layinsa zai zo.

Shugaban da ya kawo wannan shawara a taron wata zai sha suka, kuma ba daga baƙi ba. A jerin farko da za a manna, akwai sunayen mambobin da suka shekara goma a birni ba su taka hanyar Goronyo ba, kuma su ne suka fi kowa biyan kuɗin wata a kan lokaci.